Tafkin Teskoko: Filin Jirgin da Aka So Ginawa a Makwancin Ruwa

Wanda ya taɓa ratsa ƙasar Manga da rani ya san irin filin: fari fat, ba itace ba inuwa, kanwa ta tsatso ta yi ɓawo a kan ƙasa. Baƙo zai duba ya ce ba komai a nan. Ɗan gari kuwa ya san gefen da ake kankarar kanwa, ya san watan da ruwa zai dawo ya kwanta, ya san tsuntsun da zai biyo bayan ruwan. Irin wannan fili ne shimfiɗe gabas da birnin Meksiko, makwancin tsohon tafkin Texcoco, wanda ake furtawa Teskoko. Sau biyu gwamnatin ƙasar tana tashi gina sabon filin jirgin sama a kansa, a 2001 da kuma 2014, sau biyun kuma aikin bai kai ƙarshe ba. A karo na biyu sai da aka ci kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin kafin a tsaya. Shi ya sa na zaɓi wannan lamari: a nan mutum zai ga da idonsa abin da ginin filin jirgi ke yi wa fadama, tun kafin jirgi ko ɗaya ya sauka.

Kwarin da ba shi da mafita

Birnin Meksiko yana kan tudu, mita 2,240 sama da teku, amma cikin kwari yake zaune, duwatsu sun kewaye shi ta kowace fuska. Allah bai yi wa kwarin kogin da zai fitar da ruwansa waje ba. Duk ruwan da ya sauka a kan duwatsun, cikin kwarin yake gangarowa ya tsaya, sai dai rana ta shanye shi ko ƙasa ta tsotse. Ta haka aka samu tafkuna biyar manne da juna: Zumpango da Xaltocan a arewa, Xochimilco da Chalco a kudu, Teskoko a tsakiya. Teskoko ne babbansu, shi ne kuma ya fi su zama ƙasa-ƙasa, don haka nan sauran ke juyewa idan sun cika, nan ne kuma gishiri ke taruwa shekara da shekaru har ruwan ya zama na zartsi.

Mutanen Aztek sun kafa birninsu, Tenochtitlan, a kan wani tsibiri cikin wannan ruwa a 1325, suka zauna da shi kusan shekara ɗari biyu. Wajen 1449 sarkin Teskoko, Nezahualcóyotl, ya jagoranci gina wata doguwar jinga mai kimanin kilomita 16, wadda ta raba ruwan zartsi da ruwan daɗi, ta kuma tare ambaliya daga shiga birni. Da Sifaniyawa suka ci garin da yaƙi a 1521, suka ɗauki ruwan a matsayin abokin gaba. A 1607 suka fara haƙa hanyar fitar da shi ta arewa. A 1629 ruwa ya ci birnin, ya kwanta cikinsa shekara biyar. Tun daga nan kowace gwamnati da irin ramin da take haƙawa: babbar magudanar da shugaba Porfirio Díaz ya buɗe a 1900, magudanar ƙarƙashin ƙasa ta 1975, sai ta baya-bayan nan mai tsawon kilomita 62 da aka kammala a ƙarshen 2019.

An ci nasarar ƙafar da tafkin, sai wasu masifu biyu suka biyo baya. Ta farko ƙura. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce, da rani ya yi, iska kan kwaso ƙurar gishiri daga busasshen tafkin ta lulluɓe birnin, mutane su yi ta fama da ciwon ido da na ƙirji. Ta biyu ta fi muni: birnin ya fara nutsewa. An gina shi a kan lakar gindin tafki, wadda ruwan da ke cikinta ya ninka nauyin ƙasar kanta, kuma ana ta zuƙar ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse domin sha. Duk ruwan da aka zuƙe, lakar sai ta motse. Tsakiyar birnin ta yi ƙasa da kusan mita goma cikin ƙarni ɗaya. Magudanar 1900, wadda aka haƙa ta da gangara don ruwa ya tafi da kansa, ta rasa gangararta, yau sai da injin ake tura ruwan. A wajajen Teskoko ƙasa tana nutsewa sama da santimita 20 kowace shekara.

Injiniyan da ya fara nuna alaƙar zuƙar ruwa da nutsewar birnin shi ne Nabor Carrillo, wanda ya shugabanci babbar jami'ar ƙasar, UNAM. Shi ne ya kawo shawarar a mayar wa Teskoko wani ɓangare na ruwansa. Ya rasu a 1967, amma a 1971 gwamnati ta kafa aikin farfaɗo da tafkin, injiniya Gerardo Cruickshank ya riƙe shi shekaru masu yawa. Suka shuka ciyawa mai jure gishiri, ƙura ta kwanta. Suka yi wata dabara da har yau take burge ni: suka juya cutar ta zama magani, suka kafa rijiyoyi da yawa a wuri ɗaya suna zuƙar ruwa da gangan har ƙasar ta lotsa ta zama kwano, sannan suka cika kwanon da ruwan birni da aka tace. Tafkin da ya fito, mai faɗin hekta kusan 1,000, shi aka raɗa wa sunan Nabor Carrillo, ya fara aiki a farkon shekarun 1980.

Abin da ke rayuwa a filin da aka ce ba komai

Da ruwa ya dawo, tsuntsaye suka dawo. Kwarin Meksiko yana kan hanyar da tsuntsayen ruwa ke bi daga Kanada da Amurka idan sanyi ya kore su kudu, kuma a duk tsakiyar ƙasar sauran wuraren hutawa kaɗan suka rage musu. A lokacin hunturu akan ƙidaya tsuntsaye sama da 100,000 a Teskoko: agwagin daji iri-iri, kwasakwasa, zalɓe, da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogon baki. Akwai wata 'yar tsuntsuwa da ke tasowa daga filayen Kanada, ta yada zango a nan ta yi ƙiba, sannan ta wuce tafkunan gishiri na Bolibiya da Ajantina. Idan tana kiwo sai ta riƙa juyi a kan ruwa kamar katantanwa don ƙwari su taso sama. Akwai kuma wata fara-fara da ba ta yin sheƙa a itace ko ciyawa, sai a kan tsurar ƙasar gishiri, ta ɗan kwarfe rami ta zuba ƙwai. Wannan farin filin da injiniya zai kalla ya ga wurin zuba kwalta, a wurinta ɗakin haihuwa ne.

Mutane ma suna ci daga wurin. Suna kankarar wani gishirin ƙasa da suke kira tequesquite, ɗan'uwan kanwarmu ne, kuma aikinsu kusan ɗaya: a jefa a tukunyar wake ya yi laushi, a sa a ganye kada ya rasa korensa. A ƙauyen Nexquipayac akwai gidajen da suka gaji dafa gishiri daga ƙasar tafkin tun kafin zuwan Turawa. Akwai masu ɗaure dammunan ciyawa su nutsa a ruwa, wani ƙwaron ruwa ya zo ya zuba ƙwai a jiki, su ciro su shanya su karkaɗe. Ƙwan shi ne ahuautle, abinci mai tsada a kasuwannin birni. Sai wani koren gansakuka mai gina jiki, spirulina, wanda Aztek ke tacewa su busar su yi waina da shi. Wurare biyu aka sani a duniya da suka daɗe da wannan sana'a: Teskoko, da tabkunan kanwa na Kanem a arewa maso gabashin tafkin Chadi, inda matan Kanembu ke tace shi su shanya a yashi, suna kiransa dihé, ana miya da shi.

Ba zan ɓoye ba, wurin ba aljanna ba ne. Ruwan ƙazantar birni yana ratsa shi, kuma a gefensa ne babbar bolar birnin, Bordo Poniente, ta zauna har aka rufe ta a ƙarshen 2011. Masu goyon bayan filin jirgin sun yi ta nuna wannan suna cewa tafkin ya daɗe da mutuwa. Amma tsuntsayen da ke sauka kowace shekara da mutanen da ke ci daga wurin sun isa shaida cewa da sauran ransa.

Addunan Atenko

Buƙatar sabon filin jirgi gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. Tsohon filin, Benito Juárez, gari ya cinye shi ta kowane gefe, titunan saukarsa biyu sun yi kusa da juna har ba a iya amfani da su lokaci ɗaya, shi ma kuma a kan lakar tafkin yake, yana nutsewa. A 2019 ya ɗauki fasinja miliyan 50.

Ranar 22 ga Oktoba 2001 shugaba Vicente Fox ya sa hannu a dokar ƙwace fili sama da hekta 5,000, mafi yawansa gonakin gamayya na manoman garin San Salvador Atenco (Atenko) da maƙwabtansu. Akwai wani wurin da aka duba a lokacin, Tizayuca a jihar Hidalgo, aka bar shi aka zaɓi Teskoko. Diyyar da aka yanka wa gonar damina peso (kuɗin Meksiko) 7 da 'yan kai ce a kan kowane murabba'in mita. Manoman suka kafa ƙungiyar kare ƙasarsu, suka riƙa shiga birni da addunan aikinsu a ɗage. Wata tara ana ja-in-ja, har a Agustan 2002 Fox ya janye.

Abin bai ƙare da daɗi ba. A farkon Mayun 2006 wata rigima da ta faro daga masu sayar da furanni a garin Teskoko ta jawo dubban 'yan sanda suka afka wa Atenko. Matasa biyu suka rasa ransu, aka kama mutum sama da 200, aka ci zarafin mata a hannun jami'ai. A ƙarshen 2018 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka ta ɗora wa ƙasar Meksiko laifi a ƙarar da mata 11 suka kai. Gwamnan jihar da Atenko ke cikinta a lokacin farmakin shi ne Enrique Peña Nieto. Shi ne kuma, bayan ya zama shugaban ƙasa, ya sanar da sabon aikin filin jirgin a Satumban 2014. Mutanen Atenko ba su buƙaci wani ya fassara musu ma'anar hakan ba.

Yadda ake gini a kan taɓo, da duwatsun da suka biya kuɗin

Wannan karon gwamnati ta ce filin tarayya ne, ba gonar da za a ƙwace. Zanen na Norman Foster ne, ɗan Ingila, tare da Fernando Romero: ginin fasinjoji ɗaya tak mai siffar harafin X, titunan jirgi uku da farko, shida daga baya, fasinja sama da miliyan 120 a shekara idan an gama. An fara da ƙiyasin peso biliyan 169, kafin 2018 ya kai biliyan 285. Aka zagaye fili mai hekta kusan 5,000 da katanga.

Titin jirgi ba ya son ko ɗan lotsawa, ga shi ƙasar wurin kamar kunu take. Dabarar injiniyoyi ita ce su matse lakar tun kafin gini. A shimfiɗa wani jan dutsen aman wuta marar nauyi mai ƙofofi kamar soso, tezontle, a soka dubban siraran bututu cikin lakar don ruwa ya sami hanyar fitowa, sannan a jibga baƙin dutse mai nauyi a sama, a bar shi wata da watanni yana danna ƙasar har ta gama sauka, a kwashe shi, a zuba kwalta. Aikin ƙwararru ne, ban raina shi ba. Amma a lissafa yawan dutsen da zai rufe tituna masu tsawon kilomita huɗu zuwa biyar, kauri a kan kauri. Daga ina zai fito?

Daga duwatsun da ke kewaye da kwarin ya fito. An buɗe ko an faɗaɗa wuraren fasa dutse fiye da ɗari a ƙananan hukumomin gabas da arewa maso gabas, irin su Tepetlaoxtoc da Tezoyuca, har zuwa kwarin Teotihuacán inda dalar tarihi suke, da yawansu ba tare da cikakken izini ba. Akwai tsaunukan da aka yanke rabinsu, gidaje suka wayi gari a bakin rami. Tifofi dare da rana cikin ƙauyuka, ƙura a huhun yara, bango yana tsagewa saboda nakiya. Lakar gishirin da aka kwashe daga wurin ginin kuma aka kai ta aka juye a tsofaffin ramuka, ciki har da na Tlaminca, kusa da tsaunin da sarki Nezahualcóyotl ya yi lambunsa da wuraren wankansa.

A ganina nan ne babban darasin lamarin yake, kuma shi ake yawan tsallakewa. Waɗannan tsaunuka su ne soson kwarin. Jan dutsen nan mai ƙofofi shi ke shan ruwan sama ya tura shi ƙarƙashin ƙasa a hankali. Idan aka fasa tsaunin aka kwashe, ruwan da zai shige ƙasa sai ya kwaranyo da gudu zuwa gindin kwari, wato daidai inda ake gina filin jirgin. An rage ruwan da birnin zai sha, an ƙara wanda zai ci shi. Rahoton tantance illa ga muhalli da hukuma ta amince da shi a ƙarshen 2014 ya fi zuba ido a kan abin da ke cikin katanga. Ɓarnar da ta fi wuyar gyarawa kuwa a bayan katanga aka yi ta, tafiyar kilomita goma, ashirin, talatin.

Tsuntsu da jirgi ba sa zama inuwa ɗaya

Injin jirgi iska yake zuƙa, kuma duk abin da ke cikin iskar zai haɗiye. A Janairun 2009 wani jirgin fasinja ya ci karo da garken dinya jim kaɗan bayan tashinsa daga New York, injinansa biyu suka mutu, matuƙin ya sauke shi a kogin Hudson, Allah ya tsare kowa. A Disamban 2024 a Muan ta Koriya ta Kudu, filin jirgin da ke kusa da wuraren kiwon tsuntsayen ruwa, mutum 179 suka mutu, aka kuma sami gashin agwagwar daji a injinan jirgin biyu. Don haka ƙa'idar hukumar jiragen Amurka, wadda ƙasashe da yawa ke bi, ta ce kada a bar abin da ke jawo tsuntsu cikin kilomita uku daga inda jirage ke zirga-zirga, a kuma sa ido har kilomita takwas ta hanyar sauka da tashi.

Titunan sabon filin daga arewa zuwa kudu aka shata su. Tafkin Nabor Carrillo kuwa yana kudu da su, babbar hanyar mota ce kawai a tsakani. Ma'ana duk jirgin da zai sauka ko ya tashi ta wannan fuska, ta kan garken agwagi zai bi. Ba wata dabara a nan: ko tafki ko jirgi. Shirin hukuma shi ne a mayar da tafkin wurin tara ruwan ambaliya na ɗan lokaci, ya daina zama ruwa mai ɗorewa, a kuma yi wa tsuntsayen wasu tafkuna can nesa. Kafin 2018 an rage ruwan da ake zuba masa, gaɓarsa ta ja baya ƙwarai. Aikin shekara talatin da wani abu na farfaɗo da wurin aka fara warwarewa cikin shekara biyu-uku.

Maganar yi wa tsuntsaye sabon gida tana da daɗin ji a taro. Amma tsuntsuwar da ke yin ƙwai a kan ƙasar gishiri tana buƙatar ruwa marar zurfi, mai zartsi daidai gwargwado, wanda ke ja da baya a lokacin da ya dace, da irin ƙwarin da ke rayuwa cikinsa. Haƙa rami a cika shi da ruwa ba ya ba da wannan. Kuma a kwarin da mutum sama da miliyan 20 ke zaune, ina filin da ya rage?

Ruwan damina, ina za shi?

Daminar Meksiko kusan lokaci ɗaya take da tamu, daga Yuni zuwa Satumba ko Oktoba, kuma ruwan kan zo da ƙarfi cikin 'yan sa'o'i. Ƙoramu tara ke gangarowa daga duwatsun gabas zuwa makwancin Teskoko, cikinsu akwai Papalotla, Xalapango, Chapingo da San Juan Teotihuacán. Daga yamma kuma magudanan birni suna turo nasu. Aikin fadamar shi ne ta karɓi wannan ruwa ta riƙe shi, har magudanai su sami sarari. Ba a biyan ta ko kwabo, shi ya sa ba a ganin aikin nata a lissafin kuɗi.

Filin jirgi kuwa dole ya kasance a bushe kullum. Ruwan da ba zai kwanta a hekta dubban nan ba, sai ya nemi wani wuri, kuma maƙwabtan wurin su ne Ecatepec, Nezahualcóyotl da Chimalhuacán, unguwannin talakawa masu miliyoyin mutane, waɗanda su ma a kan tsohon tafkin aka gina su. Sun san ambaliya: a Fabrairun 2010 magudanar Río de los Remedios ta ɓalle, ruwan ƙazanta ya shiga dubban gidaje. José Luis Luege, wanda ya shugabanci hukumar ruwa ta ƙasa daga 2006 zuwa 2012, ya fito fili ya yi adawa da wurin a kan wannan dalili.

Masu aikin ba su yi shiru a kan batun ba. Sun yi alkawarin ninka wuraren tara ruwa sau uku, da sababbin ramukan magudana, da shafe ƙoramun nan tara da siminti don a karkatar da su. Sai dai alkawarin yana cin karo da kansa. Tafkin tara ruwan da ke kusa da titin jirgi ba a barin ruwa ya daɗe a cikinsa, don kada ya kira tsuntsu, saboda haka dole a yi maza a tura ruwan waje. Wajen kuwa jihar Hidalgo ce, kogin Tula. A Satumban 2021 kogin ya cika ya tumbatsa, da ruwan da aka turo daga kwarin Meksiko a cikinsa, ya shiga garin Tula har cikin asibitin gwamnati, wuta ta ɗauke, marasa lafiya sama da goma suka rasu. Ba filin jirgin ne ya jawo wannan ba, an riga an soke shi. Amma ya nuna wanda ke karɓar ruwan da babban birni ya ƙi riƙewa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, birnin da ke kashe dukiya yana korar ruwan samansa, shi ne kuma ke janyo ruwan sha daga madatsun Cutzamala, nisan sama da kilomita 100, ana tura shi sama da injin tsayin fiye da mita 1,000.

Sokewa, da abin da ta bari

A 2018 mutanen ƙauyukan, ɗalibai da masana suka haɗu a ƙarƙashin taken "Ni tafkin na fi so". Andrés Manuel López Obrador, wanda ya daɗe yana sukar aikin a kan tsada da zargin almundahana, ya ci zaɓen shugaban ƙasa a Yuli. Tun kafin a rantsar da shi, jam'iyyarsa ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayi ta kwana huɗu a ƙarshen Oktoba. Mutum miliyan ɗaya da 'yan kai suka fito, kusan kashi 70 cikin ɗari suka zaɓi a bar Teskoko a koma sansanin sojan sama na Santa Lucía. Ranar 29 ga Oktoba ya sanar da soke aikin.

Ina ganin sokewar daidai ce, amma hanyar da aka bi ba ta da ƙwari. Waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi biyu cikin ɗari na masu rajista ba, ba hukumar zaɓe ce ta shirya ba, kuma tambayar ba ta tsaya a kan ruwa da ƙasa ba. Hujjar fadamar ta isa ta tsaya da ƙafarta a gaban kowace kotu ko majalisa. Da aka rataya ta a wuyan siyasar mutum ɗaya, sai rabin ƙasar suka ɗauke ta maganar jam'iyya, har yau kuma akwai 'yan siyasar da ke cewa a koma a ƙarasa ginin.

Kuɗin da aka yi asara ma abin gardama ne. Ofishin babban mai binciken kuɗi ya fara cewa peso biliyan 331 a 2021, daga baya ya gyara zuwa biliyan 113. An ci bashin dala biliyan 6 ta takardun lamuni, gwamnati ta fanshi na biliyan 1.8 nan take, sauran kuma aka ci gaba da biya daga harajin da ake karɓa a tikitin fasinjojin tsohon filin jirgin, kuɗin da ya kamata ya tafi gyaran shi kansa filin.

Sabon filin, Felipe Ángeles, sojoji suka gina shi a Santa Lucía, aka buɗe ranar 21 ga Maris 2022, kimanin kilomita 45 arewa da tsakiyar birni. Tsugune ba ta ƙare ba, domin shi ma a gaɓar tsohon tafkin Xaltocan yake. Shaida ta fito daga ƙasa: masu haƙa sun tono ƙasusuwan giwayen zamanin da sama da 200, waɗanda suka maƙale a taɓon bakin ruwan dubban shekaru da suka wuce. Ƙauyukan wurin sun koka a kan ruwan rijiyoyinsu, tafkin Zumpango mai tsuntsaye kuma ba nisa. Fasinjoji sun yi jinkirin karɓarsa saboda nisa, har a 2023 gwamnati ta tilasta wa jiragen kaya komawa can. Cunkoson tsohon filin bai gushe ba.

Washegarin buɗe Felipe Ángeles, 22 ga Maris 2022, aka ayyana hekta 14,000 na Teskoko a matsayin yankin da doka ta kare, a watan Yuni kuma ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tun kafin nan an damƙa wa mai zanen gine-gine Iñaki Echeverría aikin mayar da wurin gandun shaƙatawa da ruwa, aka buɗe shi a Agustan 2024. An yanka ƙarafan ginin fasinjoji an sayar, an kwashi wani dutsen zuwa Santa Lucía. Da aka daina zuƙe ruwa daga ramin ginin, damina ta yi aikinta: a 2025 hotunan sama sun nuna harsashin nan mai siffar X kwance cikin ruwa, agwagi suna iyo a inda aka shirya ajiye jirage.

Tsaunukan Tezoyuca da Tepetlaoxtoc dai ba su dawo ba, ramukan suna nan a buɗe. Lakar da aka matse a ƙarƙashin titunan ta matsu ke nan. Ruwan da ke shigowa daga ƙoramun har yanzu da ƙazanta a cikinsa, domin garuruwan da suke ratsawa ba su da isassun wuraren tacewa. A ɓangaren Atenko, mutanen da suka ɗaga adda a 2001, da 'ya'yansu, sun shiga aikin gyara jinga da buɗe wa ƙoramu hanya don ruwa ya sake kwanciya a dausayin Xalapango da na San Juan. Inda ruwan ya tsaya ya yi zartsi daidai, masu sana'ar ahuautle, waɗanda yawancinsu dattawa ne yanzu, sukan shiga har gwiwa su kafa dammunan ciyawarsu, su ba ƙwaron 'yan makonni, sannan su dawo su ciro.